Amsoshin Tambayoyinku: Tsakanin Farin Kifin Shak da Ƙadangaren Komodo

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Gusau. Ɗalibaina sun ga wani bidiyo a waya, sai gardama ta kaure a aji: wasu sun ce farin kifin shak ya fi ƙarfi, wasu sun ce ƙadangaren Komodo. Ni kuwa abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Na ji an ce dukkansu suna fuskantar barazanar ƙarewa. Ta yaya dabbar da kowa ke tsoro za ta ƙare? Kuma wanne ya fi shiga hatsari?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa karatun yaran albarka. Bari mu fara sallamar su kafin mu zo kan taka tambayar, wadda ta fi nauyi.

In girman jiki ne, babu gardama. Farin kifin shak baligi yakan kai mita 4 zuwa 5, manyan mata kuwa, domin macen ta fi namijin girma, sukan kusa mita 6, nauyinsu ya doshi tan biyu. Ƙadangaren Komodo, wanda shi ne ƙadangare mafi girma da ke raye a duniya, iyakarsa wajen mita 3, nauyinsa a daji kimanin kilo 70. Amma ba inda za su haɗu su gwada ƙwanji. Shi shak ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, irin na gaɓar Afirka ta Kudu da kudancin Ostireliya da Kalifoniya, shi kuwa Komodo yana kwance a busassun tsibirai masu zafi a gabashin Indonesiya. Ka gaya wa yaran kowa a gidansa sarki ne.

To, yaya sarki ke ƙarewa? Dabbar da ke cin wasu, ba a cin ta, koyaushe ba ta da yawa, domin sai daji ya ciyar da barewa ɗaruruwa kafin ya iya riƙe mafarauta kaɗan. Kuma irin waɗannan dabbobi ba sa gaggawar haihuwa. Saboda haka in aka rage su kaɗan, sai a daɗe giɓin bai cike ba. Wannan ciwon su biyun duka suna da shi. Inda suka bambanta shi ne wajen gida: ɗaya gidansa ya yi masa kaɗan, ɗaya kuma gidansa ya yi faɗin da ba mai iya gadinsa.

Mu fara da ƙadangaren. Ɗan uwan damo ne da guza, zuri'arsu ɗaya, in ka san waɗannan ka san siffarsa: dogon wuya, harshe mai reshe biyu, wutsiya mai ƙarfi, tafiya yana rangaji. Duk faɗin duniya ba a samun sa a daji sai a wasu 'yan tsibirai irin su Komodo da Rinca da Gili Motang da Nusa Kode, da wasu ɓangarori na gaɓar tsibirin Flores. Masana na Turai ba su ma san da shi ba sai a 1912, lokacin da Peter Ouwens, shugaban gidan adana dabbobi na Bogor a tsibirin Java, ya rubuta bayaninsa, alhali mutanen wurin sun daɗe suna zaune tare da shi, suna kiran sa ora. A 1980 gwamnatin Indonesiya ta kafa Gandun Dajin Komodo, a 1991 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ƙasar tudu da ke cikin gandun ba ta wuce murabba'in kilomita 600 da 'yan kai ba, kuma ƙadangarun da ke ciki dubu uku ne da 'yan ɗaruruwa, in aka haɗa da ƙanana.

A watan Satumba na 2021, a taronta na birnin Marseille a Faransa, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ɗaga Komodo daga rukunin masu rauni zuwa rukunin waɗanda ke cikin hatsarin ƙarewa. Ta ƙiyasta cewa baligai ba su kai 1,400 ba. Babban dalilin da ta bayar shi ne ɗumamar yanayi: Komodo ba ya son saman duwatsu, ya fi zama a kwaruruka da filayen da ke kusa da gaɓa, kuma in ruwan teku ya ci gaba da hauhawa, ana hasashen aƙalla kashi 30 cikin 100 na mazauninsa zai salwanta cikin shekara 45. Wanda ke tsibiri in ruwa ya taso, ina zai matsa? A Flores kuma, inda galibin wurin ba ya cikin gandu, gonaki da ƙauyuka da ƙone daji suna ta cin iyakarsa.

Akwai wani darasi da ya kamata ɗalibanka su ji, na tsibirin Padar, wanda ke tsakanin Komodo da Rinca. Da can akwai ƙadangarun a wurin. Sai mafarauta suka dinga shiga a ɓoye suna harbin barewar da su ƙadangarun ke ci, zuwa shekarun 1970 aka wayi gari babu su a tsibirin. Ba sai ka ɗaga wa mafarauci makami ba, in ka kwashe abincinsa ka gama da shi. Ga kuma masu fasa-ƙwauri: a 2019 'yan sanda a gabashin Java sun kama wani gungu da aka zarga da fitar da ƙadangaru 41 zuwa ƙasashen waje.

Yanzu mu shiga ruwa. Farin kifin shak yana rukunin masu rauni a jerin IUCN, wato mataki ɗaya ƙasa da Komodo. A takarda ke nan ya fi samun sauƙi. Amma dubi yadda yake haihuwa. Bincike na 2014 ya nuna yakan yi shekara 70 ko fiye a duniya. Wani na 2015, a kan waɗanda ke arewa maso yammacin Tekun Atlantika, ya nuna namiji ba ya balaga sai wajen shekara 26, mace kuwa sai ta kai 33. Ba ta yin ƙwai a waje, ciki take ɗauka na kusan shekara guda ko fiye, ta haifi 'ya'ya tsakanin 2 zuwa 10 galibi, kuma ba kowace shekara ba. Kwatanta da Komodo: shekara 8 ko 9 ta balaga, ta zuba ƙwai wajen 20 a zama ɗaya. Ke nan in taru ya kama macen shak mai shekara 30, an yi asarar shekara talatin na girma ba ta bar ko ɗa ɗaya ba.

Sai kuma yawo. A watan Nuwamba na 2003 masu bincike suka maƙala wa wata macen shak na'ura a kusa da Gansbaai a Afirka ta Kudu, suka sa mata suna Nicole. Cikin kwana 99 ta keta Tekun Indiya ta isa yammacin Ostireliya, tafiyar kilomita 11,000. Kafin wata tara ya cika sai ga ta ta dawo inda ta tashi, aka gane ta da tsagar da ke jikin fiffiken bayanta. Afirka ta Kudu ita ce ƙasa ta farko da ta haramta kama farin shak, a 1991, Ostireliya ma ta hana. Amma tsakanin ƙasashen biyu akwai teku da ba na kowa ba, inda jiragen kamun kifi ke shimfiɗa igiyoyi masu tsawon kilomitoci da dubban ƙugiyoyi. Ƙugiya ba ta san doka ba. Yawancin fararen shak da ke mutuwa a hannun mutane ba su ake nema ba, faɗawa suke yi cikin abin da aka ɗana wa wasu.

Kuma ashe akwai mai cin sa. A 2017 teku ta jefo gawarwakin fararen shak guda biyar a gaɓar Gansbaai. Da aka duba, sai aka ga an yage su a tsakanin fikafikan ƙirji, an zare hanta, an bar sauran naman. Hantar shak babba ce ƙwarai, cike da mai, ita ke taimaka masa yawo a ruwa ba ya nutsewa. Masu wannan aiki wasu dabbobin teku ne biyu, irin waɗanda ake kira oka, baƙaƙe masu launin fari a cikinsu, waɗanda masu bincike suka laƙaba wa Port da Starboard. A 2023 an ɗauki hoton Starboard shi kaɗai a Mossel Bay, ita ma a gaɓar Afirka ta Kudu, ya kashe matashin shak ya fito da hantarsa cikin ƙasa da minti biyu. Tun daga wajen 2017 fararen shak suka yi ƙaranci sosai a Gansbaai da False Bay da ke kusa da birnin Cape Town, inda da can masu yawon buɗe ido ke zuwa kallon su suna tsalle sama da ruwa. Masana sun rabu: wasu sun ce gudun oka suka yi suka koma gabas, wasu sun ce adadinsu ne ke raguwa saboda taru da ƙugiya da kame ƙananan shak da suke ci.

To wanne ya fi shiga hatsari? In ƙidaya za a bi, Komodo ne, kuma ban raina wannan ba. Amma in ka tambaye ni wanda na fi ji wa tsoro, shak ne. Komodo yana ƙasa ɗaya, ƙarƙashin gwamnati ɗaya, akwai masu gadi da ke ƙirga shi shekara-shekara, akwai wasu a gidajen namun daji na duniya suna haihuwa. In adadinsa ya faɗi, za a gani da wuri. Shi kuwa farin shak ko ajiye shi ba a iya yi: gidan kifaye na Monterey Bay a Amurka, wanda ya fi kowa ƙoƙari, kwana 198 ya riƙe wata matashiya tsakanin 2004 da 2005, sannan ya sake ta. Dabba ce da sai ƙasashe da yawa sun haɗa kai kafin a tsare ta, kuma tana iya raguwa a ƙarƙashin ruwa shekara da shekaru ba wanda ya lura.

TAMBAYA: Ina aikin jinya a Maraɗi. Na karanta cewa yawun ƙadangaren Komodo cike yake da ƙwayoyin cuta, su ne ke kashe abin da ya ciza. Wata abokiyar aikina ta ce a'a, dafi gare shi kamar maciji. Wa ke da gaskiya? Kuma da gaske ne macensa na haihuwa ba namiji?

AMSA: Malama, abokiyar aikinki ta fi kusa da gaskiya, amma abin da kika karanta shi aka daɗe ana koyarwa. Tun bayan aikin Walter Auffenberg, Ba'amurken da ya tare da iyalinsa a tsibirin Komodo a 1969 don nazarin dabbar, aka ɗauka cewa ruɓaɓɓen nama da ke maƙale a haƙoransa ne ke haifar da ƙwayoyin cuta masu kisa. A 2009 Bryan Fry da abokan aikinsa a Ostireliya suka gano wasu ƙulluttai a muƙamuƙinsa na ƙasa masu fitar da dafi. Ke da kike aikin asibiti za ki fi ni gane aikinsa: yana hana jini daskarewa, yana kuma saukar da ƙarfin bugun jini, sai dabbar ta yi ta zubar da jini har jiri ya kwashe ta. Wani bincike na 2013 kuma ya duba bakinsu, bai sami wasu ƙwayoyin cuta da suka fi na sauran masu cin nama muni ba.

Duk da haka kada a ɗora wa dafin komai, domin har yanzu akwai masanan da ke ganin raunin kansa ya isa kisa. Haƙoransa wajen 60 ne, lanƙwasassu, masu baki irin na zarto, a 2024 ma masu bincike a King's College da ke Landan suka gano cewa bakin kowane haƙori na da rufin sinadarin ƙarfe, launin ruwan lemo, wanda ke hana shi dakushewa. Kwanton ɓauna yake yi a gefen hanyar da barewa ke bi. In ta matso sai ya zabura, yakan kai gudun kilomita 20 a awa na ɗan taƙi, ya kafa haƙora a ƙafa ko ciki, ya turje da ƙafafunsa ya ja baya da ƙarfin wuya. Barewa da aladen daji sukan mutu nan take ko cikin 'yan sa'o'i. Ɓauna ce ke kuɓuta da rauni, ita kuwa ɗabi'arta in ta ji ciwo ta shige kududdufi, ruwa mai ɗumi cike da kashinta, a nan raunin ke ruɓewa. Wannan ne mutane suka gani suka ɗora wa yawu laifi.

Da ina yaro na sha tsugunawa a bakin fadama ina kallon guza tana tafiya, harshenta na fita yana komawa ba hutawa, tana karkata kai dama da hagu. Shaƙar iska take yi da harshen: yana ɗebo ƙamshi ya kai wa wata gaɓa a dasashin sama, reshen da ya fi ɗebowa shi ke nuna mata inda za ta nufa. Haka Komodo ke yi da nasa harshen mai ruwan ɗorawa, har yakan gano mushe daga nisan kilomita da yawa in iska ta ba shi. In ya samu kuwa, yana iya cin abin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsa a zama ɗaya, da fata da ƙashi da kofato. Shak ma yana da tasa baiwar: a hancinsa akwai ƙananan ramuka cike da wani abu mai yauƙi, da su yake jin ɗan lantarkin da ke fita daga motsin tsokar dabba ko da bai gan ta ba.

Batun haihuwa ba namiji gaskiya ne. A 2006 aka ba da labarin wasu mata biyu a Ingila, Flora a gidan namun daji na Chester da Sungai a na Landan, waɗanda suka yi ƙwai masu rai ba tare da barbara ba, gwajin ƙwayoyin halitta kuma ya tabbatar babu uba. Ikon Allah, duk 'ya'yan da ake samu ta wannan hanya maza ne. Ana ganin hikimar ita ce, in ruwa ya kai mace ita kaɗai wani tsibiri, za ta iya kafa zuri'a. Sai dai wannan ba zai ceci jinsin ba, domin zuri'ar da ta fito daga uwa ɗaya tak ba ta da ƙwarin jure cuta. A daji, uwa takan haƙa rami a tsibin ƙasa da ganyen da wata tsuntsuwa ke tarawa, ta zuba ƙwai wajen Agusta ko Satumba, su ƙyanƙyashe bayan wata bakwai zuwa takwas. Da fitowarsu sai su haye bishiya, can za su yi shekarunsu na farko, saboda manyan na cinye ƙananan.

TAMBAYA: Ni ɗan Zango ne a Kumasi. Gaskiya ban ga dalilin kashe kuɗi a kan dabbobin da ke cin mutane ba. In sun ƙare ai hutu ne. Ko ba haka ba?

AMSA: Ɗan'uwa, na fahimci inda ka dosa, kuma ran mutum ba abin wasa ba ne. Dukkansu sun kashe mutane. Hukumar gandun Komodo ta ƙirga hare-hare 24 tsakanin 1974 da 2012, biyar daga ciki suka zo da ajali, har da wani yaro ɗan shekara 8 a 2007. Kifayen shak kuwa, in aka haɗa dukkan ire-irensu a duk tekunan duniya, waɗanda suke kashewa a shekara galibi ba su wuce mutum goma ba. Ajiye wannan kusa da saran maciji, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, mu da muka san asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ba sai an ba mu labari ba. A ɗaya gefen, wani bincike na 2013 ya ƙiyasta cewa mutane na kashe kifayen shak wajen miliyan 100 a shekara, don nama da kuma fikafikan da ake miya da su a gabashin Asiya. Ba nesa da kai ba ma, a gaɓar yammacin Ghana, irin su Dixcove da Axim, masunta na sauke wasu ire-iren shak. A taron nan na 2021 da aka ɗaga matsayin Komodo, an bayyana cewa kashi 37 cikin 100 na ire-iren shak da danginsu masu faɗin jiki suna fuskantar barazana.

Hutun da kake hange kuma ba ya zuwa yadda ake zato. Da fararen shak suka ɓace daga False Bay, wani irin shak na daban, wanda da can ba ya kusantar tsibirin da suke farauta, sai ya mamaye wurin. In babba ya kau, na ƙasa da shi ne ke yawaita, su kuma su far wa ƙananan kifaye, waɗanda su ne abincin masunta.

Abin da ya fi burge ni shi ne mutanen da ke zaune da dabbobin nan, su da ya kamata su fi kowa ƙin su. Mutanen ƙauyen Komodo, galibinsu Musulmi ne masunta, gidajensu a kan dirkoki suke, kaburburansu kuma sukan danne su da duwatsu don kada ƙadangaren ya tone. Suna da tatsuniyar kakanni cewa wata mace ta haifi tagwaye, ɗaya mutum ɗaya ora, saboda haka ba sa kashe shi. Tatsuniya ce, amma ta raya dabbar tun kafin a san wani abu wai shi gandun daji. Masu gadin gandun ma ba bindiga suke riƙewa ba in za su zaga da baƙi, doguwar gwafa ce, in ƙadangare ya matso su tokare masa wuya su juya shi. Garin Labuan Bajo a Flores, inda jiragen ruwa ke tashi zuwa tsibiran, da baƙin da ke zuwa kallon dabbar nan yake ci. Shi ya sa a 2022, da aka yi yunƙurin ƙara kuɗin shiga zuwa rupiya (kuɗin Indonesiya) miliyan 3.75, masu jiragen ruwa da masu jagorar baƙi suka yi yajin aiki, daga baya aka janye ƙarin.

A ɓangaren teku, hanyoyi biyu ake bi don kare masu wanka, kuma ina da zaɓi a cikinsu. Sidni ta Ostireliya ta fara shimfiɗa taru a gaɓarta a 1937, Durban ta Afirka ta Kudu ta bi sahu a 1952. Mutane da yawa sun ɗauka katanga ce, alhali tarko ne: ba ya rufe gaɓar, kama shak yake yi ya mutu a ciki, tare da kunkurun teku da sauran dabbobin da ba su ji ba ba su gani ba. Birnin Cape Town ya bi wata hanya tun 2004. Ana ajiye mutane a kan duwatsun da ke saman gaɓar Muizenberg da maƙwabtanta, da tabarau mai hangen nesa da rediyon hannu. In sun hango inuwar shak, sai a busa jiniya a ɗaga farar tuta, kowa ya fito daga ruwa, in ya wuce a koma. Matasan unguwannin da ke kusa ne ke wannan aiki, ana biyan su albashi.